Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Takardar Shaidar 'Yan Sanda, Kwafin Shari'a da Bayanan Laifi a Najeriya

Tambayoyin nan su ne waɗanda ake ta maimaitawa a bakin kotu, a caji ofis, da kuma wajen masu shirin fita waje karatu ko aiki. Yawancin wahalar da mutane ke sha ba ta wuce zuwa ofishin da ba shi ne ke riƙe da takardar ba. Wanda ya san sunan takardar da yake nema da ƙofar da take bayanta ya rage wa kansa rabin zirga-zirga.

Wai a ina ake ajiye tarihin laifin mutum a Najeriya?

Ba wuri ɗaya ba ne, wuri uku ne, kuma ba kullum suke jin labarin juna ba. Akwai caji ofis ɗin da aka kai ƙara ko aka tsare mutum, inda ake rubuta abin da ya faru a littafin ofis, a kuma buɗe fayil. Akwai kotun da ta saurari shari'ar, wadda ke riƙe da rubutun zaman da aka yi da hukuncin da aka yanke. Sai kuma babbar rajistar masu laifi ta rundunar 'yan sanda, wadda take ƙarƙashin sashen binciken manyan laifuka, kuma an fi saninta da ofishinta na Alagbon da ke Ikoyi a Legas. A can ake adana zanen yatsun waɗanda aka yanke wa hukunci.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi ƙoƙarin ɗinke wuraren nan. Sashe na 16 ya ce a sami rajista a kowace rundunar jiha, kuma a aika da hukuncin kowace shari'ar laifi zuwa babbar rajista cikin kwana 30. Jihohi ma sun yi irin tasu dokar, Kaduna a 2017, Kano a 2019. A takarda kenan. A aikace, fayil ɗin kotu shi ne ya fi kowanne cika, shi ya sa za ka ga amsoshi da yawa a nan suna mayar da kai can.

An ce in kawo "takardar 'yan sanda". Wacce ce daga ciki?

Ka koma ka tambayi wanda ya aike ka, domin takardu uku ne ake kira da wannan suna. Idan biza ce, ko aiki, ko makaranta a waje, takardar shaidar ɗa'a ake nufi, wadda a shafin 'yan sanda za ka ga an rubuta Police Character Certificate. Idan wani abu naka ne ya ɓata, kamar fasfo ko takardun mota, ekstirak ake nufi. Idan kuwa sata ce ko gobara ko hatsari, kamfanin inshora ko wurin aikinka na son jin sakamakon bincike, to rahoton bincike ne. Kowacce da amsarta a ƙasa.

Yaya ake neman takardar shaidar ɗa'a?

Yanzu ta intanet ake farawa, a shafin POSSAP, wanda rundunar 'yan sanda ta buɗe don irin waɗannan ayyuka na musamman. Za ka yi rajista da lambarka ta NIN ko BVN, ka zaɓi takardar shaidar ɗa'a, ka cike bayananka, ka faɗi dalilin nema da ƙasar da za ka kai ta. Za a buƙaci hotonka da shafin fasfo mai ɗauke da bayananka. Daga nan shafin zai fitar maka da takardar biya, ka biya, ka zaɓi inda za a ɗauki zanen yatsunka.

Zanen yatsun nan shi ne ƙashin bayan aikin. Sunaye irin namu suna maimaituwa, Musa Ibrahim nawa ne a unguwa ɗaya? Da yatsu ake bambancewa, su ake gwadawa da waɗanda ke cikin rajista. Idan ba a sami komai ba, sai a ba ka takarda mai cewa ba a ga wani hukunci a kanka ba har zuwa ranar da aka duba. Ka lura da wannan lafazin: takardar ba ta ce kai mutumin kirki ba ne, cewa ta yi ba a ga sunanka a rajista ba.

Kafin ka danna komai, ka ajiye fasfo da katin NIN a gabanka ka kwatanta. Idan a ɗaya Muhammad ne a ɗayan Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta, ka fara gyara wannan. Ofishin jakadanci na iya dawo maka da takarda saboda harafi ɗaya.

Dole sai na je Abuja ko Legas? Idan ina ƙasar waje fa?

A da, Alagbon ce kusan kaɗai hanya, daga baya aka ƙara da ofishin sashen binciken manyan laifuka da ke Area 10 a Garki, Abuja. Shafin POSSAP yana nuna wuraren ɗaukar yatsu lokacin da kake cike fom, ka zaɓi wanda ya fi kusa da kai daga cikin waɗanda ya nuna. Kada ka hau mota zuwa hedkwatar jiha, ko Bompai ce ga mutanen Kano, kafin ka ga abin da shafin ya ba ka.

Wanda ke zaune a waje ma ta shafin zai bi, akwai tanadin da aka yi wa mazauna ƙetare. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ƙaninka ya je ya dangwala yatsunsa a madadinka. Ana yi, amma takardar da ta fito ta haka ta bogi ce ko da hatiminta na gaske ne.

Nawa ake biya, kuma me ya sa ake hana mutane bi ta hannun 'yan kamasho?

Kuɗin shi ne wanda shafin ya rubuta a takardar biya a ranar da ka nema, kuma ta banki ko kati ake biya, ba a hannun wani ba. Ka adana rasit. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce kawo kaza in fito maka da ita yau ba sai ka ɗora yatsa ba, ka bar shi da hajarsa.

Ba asarar kuɗi ce kaɗai matsalar ba. A dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, ƙirƙirar takardar jabu na iya kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 14, kuma wanda ya yi amfani da ita yana sane hukuncinsu ɗaya. Ƙasashen da za ka kai wa takardar ma ba sa wasa. Ingila na iya hana ka biza shekara 10 idan ta kama ka da yaudara, Kanada shekara 5, Amurka kuwa haramcin nata na har abada ne. Cewa "wallahi ban sani ba, ejan ne ya yi min" ba ya ɗaga maka ƙafa a gaban jami'in biza.

Wace ƙasa ce ke neman me, kuma takardar tana tsufa?

Tana tsufa, kuma mai karɓa ne ke yanke iyakar. Wurare da dama ba sa karɓar wadda ta haura wata uku ko shida, don haka kada ka yi gaggawar karɓa tun kafin a sa maka ranar ganawa.

Ga bizar zama ta dindindin, Amurka na neman takardar daga duk wanda ya kai shekara 16: daga ƙasarsa da kuma ƙasar da yake zaune yanzu idan ya yi wata shida a ciki, daga kowace ƙasa dabam da ya yi wata 12 a cikinta, da kuma duk inda aka taɓa kama shi komai gajartar zamansa a can. Kanada na tambayar duk ƙasar da ka yi wata shida a jere tun bayan cikarka shekara 18. Ingila ta fi matsa wa masu zuwa aikin asibiti, koyarwa da kula da tsofaffi, su ne take cewa su kawo daga duk ƙasar da suka yi wata 12 a cikin shekara 10 da suka wuce. Wanda ya yi karatu a Sudan ko Masar, ko ya yi zaman aiki a Saudiyya, ya lura: ta Najeriya kaɗai ba za ta wadatar ba.

Akwai kuma wata takardar daban da hukumar NDLEA ke bayarwa ga masu zuwa wasu ƙasashe irin su Tailan da Malesiya. Ba ta maye gurbin ta 'yan sanda, ta 'yan sanda ma ba ta maye gurbinta.

Na karɓi takardar, sai aka ce sai an "tantance" ta. Me kuma ya rage?

Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar da ke sa hatimi ɗaya ya wadatar a ƙasashen waje, shi ya sa ake bin mataki biyu. Za ka kai takardar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga nata hatimin, sannan ka kai ofishin jakadancin ƙasar da za ka su ma su buga nasu. Ba kowace ƙasa ce ke buƙatar haka ba, ka karanta sharuɗɗansu tukuna. Kwafin hukuncin kotu ma haka ake yi masa idan waje za shi.

Fasfona da takardun makaranta sun ɓata. Ta ina zan fara?

Daga kotu. Ka je rajistar Babbar Kotu ko ta majistare ka yi takardar rantsuwa, wadda aka fi sani da afidabit, ka faɗi abin da ya ɓata, da ranar, da wurin, da lambarsa idan kana tune. Da ita za ka nemi ekstirak, ta shafin POSSAP ko a caji ofis ɗin yankin da abin ya faru. Ekstirak ba komai ba ne illa kwafin abin da aka rubuta a littafin ofis lokacin da ka kai rahoto. Bai tabbatar da cewa abin ya ɓata ba, ya tabbatar da cewa ka zo ka faɗa a rana kaza.

Wannan ranar tana da amfani fiye da yadda ake zato. Idan wani ya tsinci layin wayarka ko katin shaidarka ya aikata ɓarna da shi, ranar da ke jikin ekstirak ita ce za ta raba ka da shi. Kada ka jira sai an neme ka.

An yi hatsari, inshora na neman rahoto. Wa zai ba ni?

Ofishin da ya yi binciken, galibi sashen kula da zirga-zirgar ababen hawa na caji ofis ɗin yankin. Ka rubuta wasiƙa zuwa ga DPO, ko Kwamishinan 'Yan Sanda idan fayil ya koma hedkwata, ka sa ranar hatsarin, lambobin motocin da sunan ɗan sandan da ya riƙe binciken. Rahoton ba ya fita sai an kammala bincike.

Tunda an zo nan: babu asibitin da doka ta yarda ya ƙi duba wanda aka harba don bai zo da takardar 'yan sanda ba. Wata doka ta 2017 ta wajabta a fara ceton rai, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda daga baya.

An taɓa kama ni, na kwana biyu a sel aka sake ni. Zai fito a takardata?

Kamu daban, hukunci daban. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Takardar shaidar ɗa'a hukuncin kotu take dubawa. Sai dai sashe na 15 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya umarci 'yan sanda su rubuta bayanan duk wanda suka kama, har da hotonsa da yatsunsa, saboda haka alamar kamun tana iya zama a wani littafi.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne fom ɗin biza. Wasu fom ɗin cewa suke "an taɓa yanke maka hukunci?", wasu kuma "an taɓa kama ka ko tuhumarka?". Ka amsa abin da aka tambaya daidai. Idan maganar ta kai kotu, ko da FIR, wato rahoton farko da 'yan sanda ke kai wa kotu, kawai aka karanta maka a gaban majistare aka kori ƙarar daga baya, ka nemi kwafin umarnin korar ka haɗa. Kuma ka duba lafazinsa da kyau, domin sallama kawai ba daidai take da sallama da wankewa ba. Wanda aka sallama kawai ana iya sake gurfanar da shi, wanda aka wanke kuwa sashe na 36(9) ya hana a sake yi masa shari'a kan laifin.

Yaya ake karɓar kwafin hukunci ko na zaman shari'a gaba ɗaya?

A rajistar kotun da ta yi shari'ar, ba wata ba. Idan a kotun majistare ta Nomansland aka yi, zuwa Babbar Kotu a sakatariyar Audu Bako ɓata kuɗin mota ne, sai fa idan an ɗaukaka ƙara fayil ya koma can. Ka rubuta wasiƙa zuwa ga rajistara, ka sa lambar ƙara, sunayen ɓangarorin, sunan alƙali ko lambar kotun, da ranar hukunci. Ka faɗi ƙarara abin da kake so: hukunci kaɗai, ko umarnin kotu, ko rubutun zaman tun daga farko. Za a ƙiyasta kuɗin gwargwadon shafuka, ka biya a wurin karɓar kuɗi, ka dawo da rasit. Ka je da kwafin wasiƙar biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka tafi da shi.

Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Sashe na 36(7) na kundin tsarin mulki ya ba wanda aka yi wa shari'ar laifi, ko wanda ya wakilta, damar samun kwafin hukunci cikin kwana bakwai da gama shari'a. Sashe na 294(1) ma ya ɗora wa manyan kotuna nauyin ba ɓangarorin kwafi cikin kwana bakwai. Me ke kawo jinkiri, to? Alƙalai da yawa har yau da hannu suke rubuta zaman kotu. Sai an buga rubutun a kwamfuta, an karanta an gyara, an kai alƙali ya duba. Hukunci mai shafi goma zai fito da wuri, zaman shekara uku kuwa sai haƙuri.

Mai niyyar ɗaukaka ƙara kada ya zauna jiran kwafi lokaci ya ƙure masa. Daga kotun majistare kwana 30 ne, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar laifi kwana 90. Ana shigar da sanarwar ɗaukakawa, kwafi ya biyo baya. A kotunan shari'ar Musulunci kuwa sau da yawa da Hausa kwafin ke fitowa, idan ofishin jakadanci za ka kai sai ka haɗa da fassarar da aka tabbatar.

Lauyana ya nace sai CTC, wato kwafin da hukuma ta tabbatar. Fotokwafi ba zai yi ba?

Ba zai yi ba. Hukuncin kotu da rubutun 'yan sanda takardun hukuma ne, kuma Dokar Shaida ta 2011 ba ta yarda a gabatar da kwafinsu a kotu ba sai wanda aka tabbatar. Sashe na 104 ya jera sharuɗɗan: a biya kuɗin da aka ƙayyade, a rubuta a ƙasan kwafin cewa ya yi daidai da na asali, a sa kwanan wata, jami'in ya rubuta sunansa da muƙaminsa ya sa hannu, a buga hatimi idan ofishin na da shi.

Kafin ka bar gaban magatakarda ka duba su ɗaya bayan ɗaya. An sha yin watsi da takarda a tsakiyar shari'a don kawai babu sunan jami'i ko babu kwanan wata. Rasit ɗin ma ka manna shi a jiki. Ina ba kowa shawara ya karɓi kwafi biyu ranar da shari'arsa ta ƙare, ko ba ya buƙata a lokacin. Dalilin yana cikin amsar da ke ƙasa kan tsohon fayil da aka rasa.

Ba na cikin shari'ar. Za a ba ni kwafi?

Hukuncin da aka karanta a buɗaɗɗiyar kotu na jama'a ne, ɗan jarida ko ɗalibi ko maƙwabci na iya nema ya biya. Amma rajistara zai fi tsananta tambaya idan abin da kake so ya wuce hukunci zuwa takardun cikin fayil, kuma akwai shari'un da kotu ke rufewa, kamar na yara da wasu na fyaɗe. Ka faɗi dalilinka a wasiƙar, ya fi saurin buɗe ƙofa.

Ana tuhumar ɗana. Muna da ikon ganin abin da 'yan sanda suka rubuta?

Baba, muddin ana kan bincike ba za a miƙa muku fayil ba. Amma da zarar an gurfanar da shi, kundin tsarin mulki ya ba shi haƙƙin isasshen lokaci da kayan shirya kariya. A Babbar Kotu, takardar tuhuma kan zo haɗe da jerin shaidu, taƙaitaccen abin da za su faɗa, da kwafin jawabin da shi kansa ya bayar. Idan ba a ba ku ba, lauya ya roƙi alƙali a cikin kotu ya umarci mai gabatar da ƙara ya kawo. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya ya nufi ofishin Legal Aid na jiharsa, hukumar tarayya ce da aka kafa don marasa hali.

Ina jin ana maganar dokar 'yancin samun bayanai. Tana aiki a kan 'yan sanda?

Tana aiki. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a watan Mayun 2011. Ba sai ka faɗi dalilinka ba, hukuma na da kwana bakwai ta amsa, tana iya ƙara wasu bakwai idan takardun na da yawa, kuma kuɗin kwafi kaɗai za ta caje ka. Idan ta hana, dole ta rubuta dalili, kai kuma kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000. An daɗe ana jayayya ko dokar ta hau kan hukumomin jihohi, Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau.

Sai dai kada ka ɗauke ta mabuɗin kowane ɗaki. Sashe na 12 ya ba da damar hana abin da zai lalata bincike ko ya tona wanda ya tsegunta, sashe na 14 kuma ya kare bayanan sirrin mutane. Ta fi amfani wajen tambayar alƙaluma da tsare-tsare fiye da neman fayil ɗin wane.

Wani na neman auren 'yata, ko zan ɗauki direba. Zan iya bincikar tarihinsa a wurin 'yan sanda?

Kai tsaye, a'a. Babu tagar da za ka je ka ba da sunan mutum a karanto maka laifukansa, kuma ɗan sandan da ya yi maka haka a ɓoye ya karya doka. Mai ɗaukar ma'aikaci zai iya cewa mai neman aikin ya kawo takardar shaidar ɗa'a da kansa. Akwai kuma rajistar masu laifin fyaɗe da cin zarafi da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ta ƙaddamar a Nuwamban 2019 bisa dokar hana cin zarafi ta 2015, sunayen waɗanda kotu ta kama da laifi suna bayyane a intanet. Makarantu da masu ɗaukar mai raino su riƙa leƙawa.

Maganar aure kuwa, gaskiya binciken da iyaye suka saba, na mai unguwa da limami da abokan sana'a, ya fi takarda tono abu. Rajista ba ta san wanda ba a taɓa kai shi kotu ba.

Laifin da mutum ya yi yana yaro yana binsa?

Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce bayanan yaron da ya yi laifi sirri ne, ba a buɗe wa wanda ba shi da hannu a shari'ar, kuma ba a kafa hujja da su a kansa idan ya girma. Kowace jiha da irin tata dokar, lauya zai duba wadda ke aiki inda aka yi shari'ar.

Na gama zaman gidan yari, ko an yi min afuwa. Ana goge sunana?

Gama wa'adi ba ya goge hukunci. Afuwa ta fi ƙarfi: Shugaban Ƙasa na yin ta a ƙarƙashin sashe na 175 na kundin tsarin mulki kan laifukan tarayya, gwamna a ƙarƙashin sashe na 212 kan na jiha, kuma cikakkiyar afuwa na ɗauke sakamakon hukuncin. A bambanta ta da rage wa'adi ko sakin da Alƙalin Alƙalai ke yi idan ya ziyarci gidan yari, waɗannan ba afuwa ba ne. Ka riƙe takardar afuwar da kyau. Amurka dai tana cewa a kawo takardun kotu da na gidan yari ko da an yafe.

Ga masu sha'awar takara, kundin tsarin mulki ya hana wanda kotu ta yanke wa hukunci kan laifin rashin gaskiya tsayawa har sai shekara 10 sun wuce.

Takardata ta fito da laifin da ba nawa ba, ko wanda kotun sama ta soke. Ya zan yi?

Ka rubuta ƙorafi zuwa ofishin da ya fitar da ita. Idan rikicin suna ne, ka nemi a sake gwada yatsunka. Idan hukuncin da aka soke ne, ka haɗa CTC na hukuncin kotun sama, domin labarin ɗauri ya fi saurin isa rajista fiye da labarin wankewa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta amince da haƙƙin mutum na a gyara bayanan da ba daidai ba a kansa.

Shari'ar ta daɗe, an ce ba a ga fayil ba. Shi kenan?

Tukuna. Ka nemi a duba littafin rajistar ƙararraki na shekarar, da littafin da alƙali ya rubuta zaman, domin ba tare ake ajiye su da fayil ba. Ka tuntuɓi lauyoyin da suka yi shari'ar, da Ma'aikatar Shari'a idan ita ta gabatar, da gidan yarin da aka kai mutumin, don suna riƙe da takardar umarnin tsarewa. Idan duk ba a dace ba, ka roƙi rajistara ya ba ka wasiƙa cewa an bincika ba a samu ba, ofisoshin jakadanci sun san da irinta.

Shari'un zamanin En'e, na gona da gado da ake tonowa yau, wasunsu suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Da yawa daga littattafan alƙalan lokacin da Larabci aka rubuta su, ka tafi da wanda zai karanta maka.

An haife ni a Maraɗi, ina zaune a Katsina. Wacce zan nema?

Mai yiwuwa duka biyun, gwargwadon ƙa'idar watannin da aka yi bayani a amsar ƙasashe. Tsarin Nijar irin na Faransa ne: ba 'yan sanda ke bayarwa ba, kotu ce. Takardar ita ce kaziye, kuma a ofishin magatakardan kotun yankin da aka haife ka ake karɓa, da takardar haihuwa. Kashi uku ce, ta ɗaya ta alƙalai, ta biyu ta wasu ma'aikatu, ta uku ita ake ba mutum a hannunsa, kuma wata uku take aiki. A Gana kuwa hedkwatar sashen binciken laifuka da ke Akara ce ke bayarwa.

Na bi duk ƙa'ida, an ƙi ba ni ko ana neman na goro. Ina zan kai kuka?

Idan caji ofis ne, ka rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ko ka tuntuɓi sashen karɓar ƙorafin jama'a na rundunar. Idan kotu ce, Babban Rajistara ne ke sama da rajistaran da ya riƙe maka takarda, a kotunan Musulunci kuma akwai sashen sufetoci da ke sa ido a kansu. Bayan su akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukkansu suna da ofis a jihohi kuma ba a biyan kuɗin kai ƙorafi. Duk inda za ka, abu na farko da za a tambaye ka shi ne kwafin wasiƙarka mai hatimin karɓa da rasit ɗin biya.